Tukunyar da Ba a Mayarwa

A ƙauyenmu na bakin tafkin Gaoyou, duk abin da ka ara sai ka mayar, ko allura ce. In kwano ka ara ma ba ka mayar da shi wayam, sai ka jefa ƙwan agwagwa ɗaya ko biyu a ciki. Abu guda ne ba a mayarwa: tukunyar dafa magani. Wanda ya ɗauke ta ya kai ƙofar mai ita, ciwo ya kai masa gida, kuma na san zumuncin da ya mutu a kan haka. In marar lafiyarka ya tashi, sai ka wanke ta ka kife. Tana nan wurinka har ranar da wani ya kwanta a gidan mai ita, sannan ya tako da ƙafarsa ya ɗauki abarsa.

Tukunyar Suhua ta yi shekara talatin da wani abu a kan tagar yayana Deshun.

Ni ce ƙanwarsa Fenglan, mai sayar da awara a tashar jirgin fito. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, kuma tun da mijina ya rasu tukunya ɗaya nake ɗora mana. Deshun mai kamun kififiya ne. Ya san inda take kwanciya cikin laka, ya san ranar da za ta fito shan hantsi. Abin da bai taɓa sani ba shi ne yadda ake buɗe baki a faɗi magana a lokacinta.

Ya aro tukunyar ne shekarar da mahaifiyarmu ta kamu da abin da tsofaffi ke kira gumin ɓarawo. Mutum na barci yake zuwa, ya jiƙa riga da matashi sharkaf, ana farkawa ya ɗauke. Da la'asar zazzaɓi ya taso kamar daga cikin ƙashi, kumatu su yi ja, tafin hannu da na ƙafa su ɗau zafi. Gari na wayewa jiki ya huce kamar ba a yi komai ba, sai dai kullum mutum yana ƙara bushewa. Maganinsa sananne ne a wurinmu: ƙoƙon bayan kififiya, tazargade, da wasu saiwoyi, ɗaya baƙa mai danƙo, ɗaya mai gashi-gashi. Masu magani sukan ce ƙoƙon ya san hanyar shiga can inda zafin ya ɓuya amma bai san ta fita ba, tazargade kuwa ya san ta fita bai san ta shiga ba, don haka ake haɗa su. Ba a dafa shi a ƙarfe, sai a tukunyar ƙasa, mu kuwa ba mu da ita.

Suhua 'yar layinmu ce a lokacin. Kakarta ta bar mata tukunyar, wata baƙa mai mariƙi a gefe da ɗan baki na tsiyaya. Da hannunta ta miƙa wa Deshun, ta ce masa, "Ka dai san ba a mayarwa." Duk layin an san inda zancensu ya dosa, har an fara tsokanarta da sunan amaryar kififiya.

Ciwon mahaifiyarmu ya ja, ta warke, ta sake kwanciya da wani ciwon, daga baya ta tafi. Muka shiga zaman makoki. Suhua ta jira. Makoki ya ƙare, ta ƙara jira. Shi kuwa gogan naka yana nan yana tara abin da zai gyara rufin ɗaki, wai ba zai kawo 'yar mutane inda ruwa ke yoyo ba, amma ko sau ɗaya bai ce mata ga abin da yake yi ba. Wani kafinta daga tsallaken tafki ya zo ya tambaya da bakinsa, ta amsa. Ban ga laifinta ba, ko a lokacin ko yanzu. Kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa.

Rufin ya gyaru bayan bikinta da wata biyu. Bai kawo kowa ƙarƙashinsa ba har yau.

Ka'ida ta yarda maƙwabci ya ɗauki tukunya daga gidan wanda ya aro, in shi ma ya sami marar lafiya. Duk wanda ya zo wurin Deshun sai ya ce ta tsage. Mutane suka sa masa marowaci. Da kunya ta ishe ni na je kasuwa na sayi wata don ta riƙa yawo a layi, tasa kuwa tana kan taga, kullum a goge, ko ƙura ba ta kwana a kanta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tambayarsa. Duk yamma in jirgin fito ya sauke mutane sai ya zo ya tsaya kusa da teburina, ya bi fuskokinsu da kallo, sannan ya ce wa Baba Pan mai jirgin, "Mutanen tsallake duk lafiya?"

"Wane daga ciki?" in ji Baba Pan, yana naɗe igiya. "Mutum dubu ne a can."

"Duka."

"Dukan lafiya lau. Jiya ma na ga dukan tana shanya kabeji."

Sai ya gyaɗa kai ya ce madalla, ya koma gida ya ci rabin abincinsa. Na daɗe kafin na gane halin da yake ciki. Yana son ta zo, ba abin da yake so a duniya kamar haka. Amma ranar da za ta zo, ciwo ne ya aiko ta. In ba ta zo ba lafiya ce, in ta zo ba lafiya ba. Haka ya zauna tsakanin biyun har gashinsa ya yi fari.

Ta zo a kakar da ƙaguwa ta yi araha. Ina cikin yanka awara na ga wata tsohuwa ta sauko daga jirgi tana dafa kafaɗar Baba Pan. Da tafiyarta na gane ta, ba da fuska ba. Rigar ta yi mata yawa, kumatunta sun yi ja irin jan da na sani.

"Fenglan, kin yi ƙiba," ta ce.

"Ke kuma ina kika bar rabinki, Yaya Suhua?"

"Ɓarawo ke ɗiba kullum dare. Yayanki na gida?"

Na rufe awara da ƙyalle na raka ta. A hanya ta gaya mini ciwon huhu ta yi da bazara, asibitin gunduma suka yi maganinsa, suka sake dubawa suka ce huhu ya washe. Amma zazzaɓin yamma da gumin suka ƙi tafiya, shi ne ta je wurin wani tsohon mai magani a kasuwarsu ya haɗa mata. Mijinta kafinta ya rasu tun shekarar waccan, ɗanta guda yana aiki a birnin Nanjing. A raina na ce tukunyar ƙasa ai jibge take a kasuwar tsallake, ba ta kai kuɗin fito ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Deshun na tsakar gida yana ɗaura hanta a ƙugiya. Ya ɗago ya gan ta. Na ga murna ta taso masa har wuya, ya kalli kumatunta, murnar ta koma inda ta fito.

"Na zo ɗaukar tukunyata," ta ce.

"Wa ya kwanta?"

"Makaho ne kai?"

Ya goge hannu a wando, ya shiga ɗaki, ya daɗe, ya fito da ita a hannu biyu. Ta karɓa ta juya ta, ta ƙwanƙwasa gindinta da yatsa.

"An ce mini ta tsage."

"Mutane da surutu."

"Kai dai ba su koya maka ba."

Ya nemi ganin ƙunshin maganin. Ta kwance, ya tsinci guntun ƙoƙon ya shinshina ya jefar wa kaji. Wannan, in ji shi, daga gidan abinci aka tsinto shi, an riga an dafa an shanye romon, ba sauran ƙarfi a ciki. Ya ce ta ba shi kwana kaɗan ya samo mata na ƙwarai. A kan kififiya kam bakinsa na buɗewa, har ya yi mata bayanin cewa ƙoƙon ake fara dafawa shi kaɗai ya daɗe, tazargade sai an kusa saukewa.

"Na sani," ta ce. "Ni na koya maka, lokacin Inna."

Kwana biyu ya yi cikin laka har ƙugu kafin ya sami wadda yake so, tsohuwa mai faɗin faifai. Ya kankare ƙoƙon ɗanye, ya shanya, ya soya shi cikin yashi mai zafi har ya yi ruwan zuma, ya tsoma a ruwan tsamin shinkafa, gidan duka ya ɗau wari. Ya daddaka ya ba Baba Pan ya kai mata. Naman na yi mata miya da shi. Shi ko ɗanɗanawa bai yi ba.

Bayan nan ne ya tsiro da wani sabon hali. Jirgin farko na safe da shi ake tashi, da kwando a kafaɗa, wai kifi ya fi tsada a tsallake. Mutumin da bai taka tsallake ba tun bikin Suhua. Na zuba masa ido. Wata rana ya cire takalmi a ƙofata zai sha kunun shinkafa, na ga baƙin abu ya manne a ƙasan takalmin. Na ɗauka na shinshina. Saiwa ce dafaffiya.

Ga yadda ake yi a wurinmu: in an gama tsiyaye magani, abin da ya rage a tukunya ba a zuba shi a bola. Tsakiyar hanya ake watsa shi, masu wucewa su taka su tafi da ciwon a ƙafafunsu. Kowa ya san haka, shi ya sa mai ido yakan kewaye, sai baƙo ko mai sauri ke takawa.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Laka."

"Lakar da ke warin tazargade? Ka tsufa kana ƙarya, ƙaryar ma ba ka iya ba."

Ya ci gaba da shan kununsa.

"In ka kwaso ciwon wa zai yi jinyarka? Ni. Ni zan wanke riguna, ni zan hura wuta. Ka tambaye ni kafin ka je kana tattaka ciwon mutane?"

"Ke da kika ce camfi ne, Auta."

"Camfi ne in a ƙafar wani yake."

Gaskiya tsoro ne ya kama ni. Shi kaɗai ya rage mini a duniya, kuma na taɓa ganin abin da gumin nan ke yi wa mutum. Amma na san ko ɗaure shi na yi da igiyar jirgi sai ya tafi.

Ya yi ta zuwa har ganyen bishiyoyi ya zube. Sai wata safiya ya dawo da wuri, fuska ba jini. Washegari ma haka. Rana ta uku ya zauna a kan dutsen ƙofata ya ce, "Ba a zuba ba."

"Me?"

"Maganin. Hanya a share take, ƙofa a rufe."

"To ka ƙwanƙwasa mana."

Ya dube ni kamar na ce ya haɗiye wuƙa. Na kwance gyalen aiki, na bar wa maƙwabciya awara, na tasa shi gaba zuwa jirgin tsakar rana. Ni na buga ƙofar, yana bayana kamar yaron da aka kai ƙara.

Suhua ta buɗe da tsintsiya a hannu. Jan kumatun ya ragu, idonta ya dawo.

"Au, yau ka gane gidan yana da ƙofa?"

"Mun zaci jikin ne," na ce. "An daina ganin magani a hanya."

"Gindin bishiya nake binnewa yanzu. Fenglan, ki zauna ki ji. Kullum in na watsa na koma ciki, sai in hango ta taga wani tsohon banza da kwando. Ya taka ya wuce. Ya tsaya kamar ya yi mantuwa, ya dawo ya taka. Ya sake juyawa. Har yaran layi sun fara kwaikwayonsa." Ta juya gare shi, muryarta ta sauka. "Don mutum dubu ake zubawa, Deshun, kowa ya ɗauki ɗan kaɗan. Ba don mutum ɗaya ya kwashe duka ba."

"Ƙafata babba ce," ya ce.

Ta yi dariya har ta dafa bango, daga nan ta shige ciki wai za ta ɗora shayi, ta daɗe ba ta fito ba.

Ranar mun yini. Sun yi hirar mutanen layinmu, wa ya mutu, wa ya koma birni. Da za mu tashi ta ce ɗanta ya matsa ta koma Nanjing kafin sanyi ya kankama. Mai magani ma ya ce damshin tafki ba nata ba ne yanzu, in ta sake yin hunturu a nan ciwon na iya dawowa, kuma karo na biyu ba ya sakin tsoho da sauƙi. A can ɗakunan da ɗumi, asibiti na kusa.

"Ni dai ban ba shi amsa ba," ta ce, tana juya kofi a hannu. "Na ce sai na ga ko akwai abin da zai riƙe ni."

Ko kurma ya ji wannan. Na taka ƙafar Deshun a ƙarƙashin tebur. Ya ce, "Shayin nan da daɗi."

A jirgi na wanke shi tas, ban damu da masu saurare ba. Na ce shekara talatin ka yi kana goge tukunya, yau mai tukunya ta buɗe maka ƙofa kana yabon shayi. Ya bari na gaji, sannan ya ce, "Kin ji abin da mai magani ya ce."

"Sai ka hura mata wuta."

"Bangon ɗakina yana tsattsafo da ruwa tun daga watan sanyi har bazara. Inna a ɗakin ta sake kwanciya." Ya kalli ruwa. "Na fi son in ji tana shanya kabeji a wani wuri."

Da wauta ce irin ta da, da na san yadda zan yi da shi. Wannan karon ya san abin da yake yi, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Ranar tafiyarta ta biyo ta gefenmu, don motar Nanjing daga nan take tashi. Ɗanta ya wuce gaba da jakunkuna. Ita ta sauko a hankali, rungume da wani abu cikin tsumma. Ba ta nufi gidan kowa ba. A kan dutsen tashar ta ajiye shi, inda ba ƙofar kowa ba ce, ta yaye tsumman. Deshun na tsaye kusa da teburina da rigarsa ta zuwa biki.

"Can da wutar lantarki suke dafa magani," ta ce, ba ta kalli kowa ba. "Ko akwai mai son aro a nan?"

"Ba marar lafiya a gidanmu," in ji shi.

Na ajiye wuƙa na kama tari. Na yi tari har da dafe ƙirji, Baba Pan ya juya baya kafaɗunsa na girgiza.

"Ga ƙanwarka za ta mutu a tsaye," Suhua ta ce.

Ya tako ya durƙusa ya ɗauki tukunyar, hannu biyu, kamar yadda ya fito da ita. Suka tsaya. Direba ya danna ham daga kan titi.

"Ka dai san ba a mayarwa," ta ce. "Mai abu ke zuwa ta ɗauka."

Har a lokacin ina sa rai zai ce zauna, kalma ɗaya tak. Bakinsa ya motsa, ya rufe, ya sake motsawa.

"To kada ki zo, Suhua."

Wata mai sayen awara ta ce, "Kai, wannan wane irin mutum ne." Suhua kuwa ta gane. Ta daɗe tana kallonsa, ta kai hannu ta gyara masa wuyan riga da ya naɗe.

"Sau ɗaya ka yi magana a kan lokaci," ta ce, "ita ma ga abin da ka faɗa."

Ta hau gangaren ba ta waiwayo ba. Na ga tana goge fuska da tsumman da ta naɗo tukunyar.

Tukunya ta koma kan taga. Ciwon da na ji tsoro bai kama shi ba, ko mura bai yi ba a hunturun nan. Yanzu ba jirgi yake tara ba, motar Nanjing ce, wadda ke isowa gab da faɗuwar rana. Yakan tsaya a bakin titi da hannu a baya, ya bi masu saukowa da ido ɗaya bayan ɗaya, har direba ya rufe ƙofa. Sannan ya gangaro wurina.

"Ba ta zo ba?" nakan tambaya, ko da yake na gani.

"Ba ta zo ba," ya ce. "Madalla."

In na zuba masa abinci, rabi yake ci.